An yi wa ƙanena aikin jijiyar gwiwa, ƙafar ta ƙi miƙewa

Ɗan Pantami: Assalamu alaikum. Ƙanena ya tsinke jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, a wajen ƙwallo. Yau kwana 10 da aiki, ƙafar ba ta miƙewa sosai. Iyayenmu sun ce ya kwanta kawai har ta warke. Dole ne sai an je gashin ƙashi?

Mai Gashi, Gombe: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Dole ne, ɗan'uwa. Kwanciyar nan ita ke sandarar da gwiwa: tabo ya taru a ciki, tsokar cinya ta zube. Miƙewa ce a gaba da komai, ana son ta yi daidai da ɗaya ƙafar cikin mako 2, lanƙwasawa kuma ta kai digiri 90. Ku cire filo daga ƙarƙashin gwiwar yau ɗin nan, nan mutane suka fi kuskure. A naɗe tawul a sa ƙarƙashin dunduniya, gwiwar ta sauka da nauyinta, minti 10, sau 3 ko 4 a rana. Ya riƙa ɗaure tsokar cinya na daƙiƙa 5 yana saki, yana jan dunduniya zuwa ɗuwawu a kan shimfiɗa. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20. Banda ruwan zafi, banda murzar mai ɗori. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Yaya Nas: Ku tambayi likitan ko ya ɗinke guringuntsin cikin gwiwar lokacin aikin. In ya ɗinke, taka ƙafa da ajiye sanda sai da izininsa. Salla a kan kujera, masai na tsuguno kuma a haƙura tukuna. Sharaɓa ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi da mugunya, asibiti nan take.

Mai Gashi, Gombe: Na ƙara da wannan. Tsakanin mako 6 zuwa 12 ciwo ya lafa, yaro yana jin ya warke, alhali a lokacin jijiyar da aka dasa ba ta yi ƙwari ba. Ku sa masa ido. Sassarfa sai wajen wata 3 ko 4. Ƙwallo kuwa kada ya koma kafin wata 9, kuma sai an gwada ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar.