Neman shawara: jirgina mai kwal ya ƙi wuce mil 45, ina matsalar take?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka ƙware a tuƙin jirgin ƙasa mai kwal a wasan kwamfuta na Train Sim World. Layin Liverpool zuwa Crewe nake bi da kan jirgin nan Jubilee, ina jan taragon fasinja. Tashi daga tasha ba ya ba ni wahala, amma da zarar na kai mil 40 zuwa 45 a awa sai gudun ya toge. Totur a buɗe har ƙarshe, ribasa tana can gaba inda na sa ta tun daga tasha, jirgin yana ta haki, hayaƙi baƙi ƙirin, allurar da ke nuna matsin tururin tukunya kuma tana zamewa daga 225 har ƙasa da 150. Kullum a makare nake isa Runcorn. Masu dizal da lantarki ba sa yi min haka. Saitin wasan ne, ko kwamfutata ce ta gaza? Har na fara tunanin leƙa kasuwar Computer Village in ƙara mata RAM.

Baban Ummi (Idi-Araba):
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa riƙe kuɗinka, kwamfutarka lafiyarta lau. Amsar tana cikin maganarka: ribasa. Ba gaba da baya kawai take sa jirgi ba, ita ke yanke tsawon lokacin da tururi zai ci gaba da shiga silinda a kowace tafiyar fistin. In tana kan kashi 75, tururi na shiga har fistin ya ci kashi uku cikin huɗu na hanyarsa. Wannan na tashi ne, lokacin da jirgi ke da nauyi kuma tayoyi na juyawa a hankali. Da gudu ya ƙaru, fistin na kai da kawowa sau da yawa a daƙiƙa guda, tukunya ba za ta iya cika silinda uku na Jubilee a wannan saurin ba, shi ya sa allurarka ke faɗuwa. Ga kuma abin da mutane ba sa lura da shi: tururin da ya gama aiki sai ya fita ta bututu, in ya yi yawa ba ya samun hanya da wuri, sai ya tokare fistin ta ɗaya ɓangaren. Kenan kana ƙona kwal ne don jirgin ya yi kokawa da kansa.

Ka tashi a 75. Da ka kai wajen mil 10 ka jawo ta zuwa 55 ko 50, a mil 25 ka dawo wajen 35, daga mil 40 zuwa sama ka zauna tsakanin 25 da 15 in hanya a miƙe take. Tururi kaɗan ne zai shiga, amma da ƙarfinsa, ya kumbura da kansa ya ƙarasa tura fistin. Kada ka haddace lambobin nan kamar karatu. Ka ja kaɗan, ka dubi mitar gudu. In tana hawa ka ƙara ja, in ta tsaya ka mayar da ɗan kaɗan.

Sani Mai Keke:
Wato dai kamar giyar mota, ba a bin babban titi da giya ɗaya.

Baban Ummi (Idi-Araba):
Kusan haka ne Malam Sani. Sai dai a kula da tashi daga tashar Lime Street ta Liverpool, hawa ne mai tsauri har Edge Hill. A nan kada a yi gaggawar jan ribasa, kuma in taya ta yi santsi a rufe totur tukuna, a zuba yashi, sannan a sake buɗewa a hankali.

Hajiyar Obalende:
Ƙanena, duba birkinka ma. Birkin waɗannan taragon da zuƙe iska yake sakewa, kuma tururi ne ke zuƙe ta. Mitar birki ta nuna 21 kafin ka ce ya saki duka. In ta tsaya ƙasa da haka, birki na goga taya kana tafe ba ka sani ba. Da ta kai 21 ka rufe babban ijekta, wato abin da ke zuƙe iskar, ka bar ƙaramin, don babban cin tururi gare shi. Haka famfunan da ke ƙasan silinda, waɗanda ke feso farin tururi lokacin tashi. Aikinsu fitar da ruwan da ya kwanta ne, bayan tayoyi sun ɗan juya sai a rufe su.

Ɗan Tsohon Reluwe (Ebute Metta):
Duk abin da Baban Ummi ya faɗa haka yake, amma ni baƙin hayaƙin nan ne ya tsaya min a rai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai zuba kwal ne a zamanin da jiragen Legas zuwa Kano ke ƙona kwal ɗin Inugu, kuma daga kallon bututu yake gane gwani. Baƙin hayaƙi kwal ne da bai ƙone ba, an lafta shi da yawa ya toshe iska. Abin da ake so hayaƙi mai toka-toka. In kai ke kula da wuta, ka zuba kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka buɗe ƙofar iska ta ƙasa, kada ka bar ƙofar murhu a wangale don iska mai sanyi na rage zafin tukunya. Ya sha nuna mana a tsakar gida da shebur yadda ake watsa kwal: kusurwar hagu, kusurwar dama, gefe da gefe, sai a ɗan dakata a ga launin hayaƙi kafin a ƙara.

Sai ruwa. A wasannin da ake barin ka ɗura ruwa da kanka, kada ka ɗura a tsakiyar hawa sai dole, don ruwan da ke shiga bai kai na cikin tukunya zafi ba, allura za ta sauka. Ka cika kafin hawa, ka ƙara a gangara lokacin da totur ke rufe. Wanda ke son ganin kayan aikin wancan zamani ya zo Jaekel House a harabar reluwe, akwai ɗan gidan tarihi a ciki.

Sani Mai Keke:
Baba Allah Ya jiƙan magabata. To ni kan jirgin kaya 8F nake tuƙawa a layin, ko na ja ribasa ba ya kamo Jubilee. Me ya sa?

Baban Ummi (Idi-Araba):
Ba zai kamo shi ba, ba don haka aka ƙera shi ba. Dukansu William Stanier ne ya tsara su, matsin tururin tukunyarsu duka 225 ne, amma tayar Jubilee ƙafa 6 da inci 9 ce, ta 8F kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Ƙaramar taya ƙarfin jan kaya take bayarwa, babba ita ke cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya. Ko kan jirgin Ingila mai kwal Mallard da ya kafa tarihin mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli 1938, tayarsa ƙafa 6 da inci 8 ce, tarago bakwai kawai ya ja, a gangaren Stoke ya yi gudun, kuma wani sashen injinsa ya yi zafi har aka sauke shi a Peterborough. Ka bar 8F a kan taragon kaya, can ne za ka ji daɗinsa.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na gwada da daren nan: na rufe babban ijekta kamar yadda Hajiya ta ce, na riƙa jan ribasa har 20, jirgin ya haura mil 70 bayan Runcorn, allura kuma ba ta sauka ƙasa da 200 ba. Har ƙarar ma ta canza, ta koma gajera mai kaifi. Saura abu ɗaya: in na rufe totur zan shiga tasha, sai bawul ɗin saman tukunya ya kama tsiri yana zubar da tururi.

Ɗan Tsohon Reluwe (Ebute Metta):
Wutar ce ba ta san za ka tsaya ba, ɗana. Ka daina zuba kwal tun da sauran tafiya, ka rage ƙofar iska, ka ɗura ruwa ya shanye zafin. Amma kafin ka rufe totur ka buɗe bulowa kaɗan, wato mai hura tururi ta bututu don ya ja wuta gaba, musamman in za ka shiga rami, don kada harshen wuta ya dawo ta ƙofar murhu.