Kuɗin ba su kai na burtsatse ba: ta ina za mu fara gyaran ruwan ƙauyenmu?

Ɗan Rahad:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don damina ta ƙarato.

Ƙauyenmu yana jihar Gadarif a gabashin Sudan, ta wajen kogin Rahad, amma da nisa da bakin kogin. Gidajenmu ba su cika ɗari ba, kusan kowa manomin dawa da riɗi ne. Ruwan shanmu daga hafir yake, babban tafkin nan da aka haƙa tun iyayenmu suna samari don tara ruwan damina. Nan muke sha, nan shanu da awaki suke sha, nan yara suke wanka. Shingensa ya daɗe da faɗuwa. In rani ya yi nisa ruwan ya koma kamar kunu, sai mu koma sayen gangar ruwa a wurin masu karo, wato amalanken jaki.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 baƙi suka ƙaru mana, na Khartum da farko, daga baya na Madani da Sinja. Gidan mutum takwas ya koma na ashirin, masai kuwa ɗaya ne, in ma akwai shi. A daminar 2024 amai da gudawa ta shigo mana. Ɗiyar yayata 'yar shekara huɗu, da safe tana wasa a tsakar gida, kafin a samu tarakta da za ta ratsa laka zuwa asibiti rai ya yi halinsa.

'Yan'uwanmu da ke aiki a Jidda da Makka sun haɗa kuɗi sun turo, aka ɗora mu biyar a kai. Mun tambayi masu haƙa burtsatse, abin da ke hannunmu bai kai rabi ba. Yanzu kanmu ya rabu: wasu sun ce a ajiye a ci gaba da tarawa har a kai, wasu sun ce a gyara hafir, wasu sun ce a gina masai. Ni dai ba na son mu sake binne yaro bana. Wanda ya san abin nan ya taimaka mana don Allah.

Maman Hafsat (ma'aikaciyar jinya, Kasala):

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, ya ba yayarka haƙuri.

Ƙanena, na yi aiki a tantin masu kwalara lokacin da ta ɓarke a nan Kasala a Agustan 2024, don haka bari in fara da abin da ba ya jiran gini. Ku ware wani abu daga kuɗin nan yau, ku sayi ƙwayar kulorin da fakitin ruwan gishiri da sukari, ku ajiye a gidaje uku ko huɗu da kowa ya sani, ciki har da gidan ungozoma. Kwalara ba ta kisa sai ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, kuma cikin 'yan awanni take yi. Wanda aka fara ɗura masa ruwan nan tun gudawar farko, ana ba shi a hanya har a isa asibiti, galibi yana tashi. In fakiti ya ƙare, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, yana yi wa yaro illa. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

Sai maganar kulorin, inda mutane da yawa suke yaudarar kansu ba su sani ba. Ka jefa ƙwaya a ruwan da ya yi kamar kunu, lakar ce za ta cinye ƙarfinta, ƙwayar cutar tana nan da ranta. Dole ruwa ya kwanta ya yi garau tukuna, a tsiyaye na sama a wata jarka, sannan a saka kulorin, a rufe, a jira minti 30. Ƙwayoyin girmansu ba ɗaya ba ne, ku karanta lita nawa aka rubuta a jikin takardar, kada ku yi kintace. In bayan rabin awa ka ji ɗan warin kulorin kaɗan, alama ce ya yi aiki. Ku gaya wa tsofaffi warin nan ba cuta ba ne, don na ga gidajen da ake karɓar ƙwayar a ajiye a ƙasan katifa saboda wai tana ɓata ɗanɗanon shayi.

Hajiya Babba (Mai Wurno):

Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Mu nan bakin Nilu muke, in kogi ya kawo a watan Agusta ruwan ja wur yake zuwa da lakar Habasha. Tun muna yara iyayenmu 'ya'yan zogale suke daka wa, wanda Larabawa suke kira rawag. A ɓare busasshen iri, a daka ya yi laushi, a dama da ɗan ruwa, a zuba a bokiti, a juya da sauri sannan a hankali, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Za ka ga laka ta kwanta a ƙasa. Kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi kauri. In babu zogale, alif ma yana yi, ana samunsa a kasuwa da araha.

Amma ka duba randunanku. Moɗa ɗaya, yaro ya sha ya yar a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa har da hannunsa. Ni na sa an yi wa tawa randar murfi, moɗar kuma mai dogon mariƙi ce, a rataye take, ba a sha da ita, zubawa ake yi a kofi.

Maman Hafsat:

Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ƙari ɗaya kawai: zogale da alif suna kwantar da laka ne, ba sa kashe duk ƙwayar cuta. Bayansu sai kulorin, ko a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ruwan zogale kuma a sha shi a ranar, kada ya kwana biyu.

Kawu Mai Haƙa (Gadarif):

Ɗan'uwa, na shekara da yawa ina bin injin haƙa a jihar nan, zan gaya maka abin da mai neman kwangila ba zai gaya maka ba. Yawancin ƙasar Gadarif baƙar laka ce a sama, dutse a ƙasa. Akwai inda za a yi ta haƙa a tashi ba ɗigo, akwai inda za a samu ruwan ya fito da gishiri. Abin da ya sa aka cika jihar da hafir ke nan, shi ya sa kuma birnin Gadarif kansa ya daɗe yana jawo ruwa daga Shuwak a kan kogin Atbara. Kada ku ba kowa ko fam ɗaya na burtsatse sai masana daga hukumar ruwa ta jiha sun auna ƙasar, kun kuma tambayi ƙauyukan da ke kewaye da ku abin da suka tarar da suka haƙa. Ga shi kuma fam ɗinmu kullum faɗuwa yake, kuɗin da kuka ajiye yau ba za su sayi abin da suke saye ba in an shekara.

Hafir ɗinku shi ne dukiyarku. Yanzu da ya ƙafe ko ya kusa, lokacin yashe shi ke nan, in ruwa ya sauka an makara sai baɗi. Ku kwashe lakar ku ɗora a kan gaɓa, ku daddanne. A bakin da ruwa ke shigowa ku haƙa ƙaramin rami wanda ruwan zai fara tsayawa ya zubar da yashi da shara kafin ya wuce ciki. Sannan shinge, waya mai ƙaya in da hali, a dasa ƙaya ta raye a bayanta don wayar ba ta daɗewa. Ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Babban abin shi ne kada ƙafar mutum ko kofaton dabba ya sake taɓa ruwan. A fitar da bututu zuwa rijiyar ɗiba a waje, ko a sa ɗan famfo mai sola ya tura ruwa tanki, mutane su tara jarka a famfo, dabbobi su sha a kwami can gefe.

Matatar yashi tana da kyau ƙwarai, amma tana son wanda zai riƙa kankare saman yashin lokaci lokaci. Na ga da yawa an gina an yi buki, bayan shekara biyu sun toshe, mutane sun fasa shinge sun koma ciki. Ku bar ta sai kun ga kwamitinku ya tsayu.

Malam na Dindir:

Ni ban yarda a bar masai a baya ba. Ɗan'uwa, ka tashi gobe da asuba ka bi hanyar da ruwan sama yake bi kafin ya shiga hafir ɗinku. Ka duba ko ba nan ne filin da mutane suke zagayawa ba. In haka ne, ruwan farko zai kwaso duk bahayar rani ya zuba muku, ya bi ta ƙarƙashin wayar da kuka kashe kuɗi a kanta. A ƙauyenmu haka muka tarar, kuma ba wanda ya taɓa lura sai da muka bi sawun da ƙafa, mu da liman da mai gari.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu suke gudun masai: lakar nan tana darewa da rani, ta kumbura da damina, rami ya rufta. Wanda ya taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa ba zai sake shiga ba. Maganinsa a haƙa ramin zagaye kamar rijiya, ba mai kusurwa ba, a ɗaure shi da jan bulo ko tsofaffin ganguna da aka huda, ko tayoyin mota a jere. A ɗaga bakinsa sama da ƙasa don kada ruwan tsakar gida ya shiga, a yi masa murfi saboda ƙuda. Ya yi nesa da wurin ruwa aƙalla mita 30, kuma ta gangare, ba ta sama ba. Amma kada kwamiti ya gina wa kowa, kuɗin ba za su isa ba, kuma abin da mutum bai sha wahalarsa ba ba ya kula da shi. Ku sayi siminti ku zuba murafun kankare, duk wanda ya haƙa ya ɗaure raminsa a ba shi ɗaya. Na makarantar allo da masallaci su ne na kwamiti, da buta da sabulu ko toka a ƙofa. Kashin jarirai ma a zuba a masai, mata da yawa suna ɗauka ba ya cutarwa.

Abu Yasir (Jidda):

Ina cikin irin masu turo kuɗin nan, ko da yake ba ƙauyenku ba. Gaskiya mu da ke nan mun fi son abin da za a ɗauka a hoto, tanki mai fenti da suna a jiki. Ku yi mana bayani kamar yadda Kawu ya yi, za mu gane. Abin da ke kashe mana gwiwa shi ne shiru. Ku buɗe littafi, duk abin da aka saya a rubuta, a karanta bayan sallar Juma'a, a turo mana hotonsa. Kuma a sa ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace ganga, ko mudun dawa a kan kowane gida da kaka, don albashin mai gadi da kulorin. Mu ba za mu iya turowa kowane wata ba, kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, da haya sun sha mana kai.

Tambaya ɗaya: cikin ku biyar ɗin nan akwai mace?

Malamar firamare (Jazira):

A ƙara da tsargiya. Yaran da ke wanka a ruwan da ke tsaye, ka tambaye su ko akwai mai fitsarin jini, don ba sa faɗa da kansu. Mu nan saboda magudanan noman Jazira mun san ta sosai. Ta fata take shiga, dodon koɗi ne yake ɗauke da ita. Maganinta praziquantel, a kai su a auna. Ruwan wanka in ya kwana biyu a ganga tsutsar ta mutu.

Ɗan Rahad:

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku. Na karanta wa kwamiti duka a daren jiya.

Malam, yau da asuba mun bi hanyar ruwan kamar yadda ka ce. Kwarin da ke shayar da hafir ɗinmu ta bayan makarantar allo ya bi, daidai inda almajirai da baƙinmu suke zagayawa. Mai gari ya daɗe a tsaye bai ce komai ba. Ya ce ranar Juma'a shi da kansa zai yi magana bayan liman.

Mun janye maganar burtsatse. Asabar za a fara gayyar yashe hafir, za mu sayi waya da siminti, masai biyu a makarantar allo, kulorin da ruwan gishiri da sukari kuma gobe ɗan'uwana zai shiga gari ya sayo. Yaya Abu Yasir, babu mace a cikinmu, kuma su ne masu ɗibar ruwan. Mun roƙi ungozoma da wata malama cikin waɗanda suka zo daga Madani, sun amsa.

Abin da ya rage mini shi ne makiyaya. Duk shekara suna ratsowa ta wajenmu da garkunansu, kuma a hafir ɗin nan suke shayarwa tun kafin a haife ni. In suka zo suka tarar da waya, ina tsoron abin da zai biyo baya.

Kawu Mai Haƙa:

Kada su tarar da ita, ku je ku same su tun kafin a kafa turke ɗaya. Mai gari ya aika wa shugabansu, a zauna a sha shayi, a nuna musu inda kwamin zai kasance, su faɗi tsawon da zai ishi garke. Ku gina kwamin ya fara aiki kafin ku rufe shingen, kuma ku sa shi ta gefen burtalinsu don kada shanu su ratsa gonaki. In za ku karɓi kuɗin shayarwa, a yanka shi a zaman nan gaban kowa. Ka turo mini faɗin hafir ɗin da zurfinsa da taku, zan lissafa muku yawan waya da bututun da za ku saya.