Raino cikin hunturun Kano: wanka, mura da ɗumama ɗaki

Maman Uku, Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Sanyi ya kankama, ga hazo, ina neman shawarar masu sani. Yara uku ne: jaririya 'yar wata 4, namiji ɗan shekara 2 da rabi, sai babbar mai shekara 6 da ke zuwa firamare da safe, Islamiyya da yamma. Ciki da falo ne, rufin kwano, da asuba ɗakin kamar cikin randa. Wanka sau nawa ya kamata, kuma da wane lokaci? Me ake yi wa majina da tarin dare? Ana cewa in sa garwashi a kasko a ɗaki, wasu kuma na cewa kada in kuskura. Ga ƙafar babbar har ta fara faso. Allah ya saka da alheri.

Sista Mai Jinyar Yara:

Wa alaikumus salam, Maman yara. Abin da ya fi wahalar da yara a wannan lokaci bushewa ce da ƙura, ba sanyin kansa ba. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma ba danshi a cikinta. Tana busar da cikin hanci da maƙogwaro, majina ta yi kauri ta toshe, yaro ya koma numfashi ta baki, maƙogwaro ya ƙara bushewa, shi ne tarin da kike ji da daddare.

Jaririya ta hanci take numfashi lokacin da take shan nono, don haka in hanci ya toshe za ki ga tana kamawa tana saki tana kuka. Ki sayi ruwan gishirin ɗigawa a hanci a kyamis, ɗigo 1 ko 2 a kowace ƙofa, minti kaɗan kafin ki ba ta nono, sannan ki share abin da ya fito da tsumma mai laushi. Kada ki ba ta ruwa wai don iska ta bushe. Har ta cika wata 6 nono kaɗai ya ishe ta, sai dai ki yawaita ba ta. Man zafi irin su Robb ba na 'yan ƙasa da shekara 2 ba ne, kuma ko ga manyan yara ba a cusa shi cikin hanci. Wanda ya haura shekara 1 za a iya ba shi rabin ƙaramin cokali na zuma kafin kwanciya, tana lafar da tari. Ƙasa da shekara 1 ba a ba da zuma ko kaɗan.

Mura ta kan ɗauki kwana 7 zuwa 10, tarin ya kan wuce haka, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yawan karɓowa a kyamis ba ya taɓa ta. Abin da za ki koya shi ne bambanta ta da nimoniya, wato ciwon huhu. Ki ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ba, ki duba agogon waya ki ƙirga numfashinsa minti 1 cur. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40: numfashi ya yi sauri, a tafi asibiti a ranar. In kuma kika ga ƙasan ƙirji na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, wannan ba a jiran gari ya waye. Asibitin yara na Hasiya Bayero, Murtala, ko Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa.

Zazzaɓi kuma a auna shi, kada a tsaya ga taɓa goshi. Daga digiri 38 a ma'aunin zafin jiki ne zazzaɓi. Farasitamol ana lissafa shi da nauyi, miligiram 15 ga kowane kilo, duk awa 6: ɗan kilo 12 zai sha mililita 7.5 na ruwan maganin da aka rubuta miligiram 120 a cikin mililita 5 a jikin kwalbarsa. Kuma sauro bai tafi hutu don ana sanyi ba, a ci gaba da kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya zo a yi gwajin maleriya.

Hajiya Kakar Yara, Gwale:

'Yata, abin da Sista ta faɗa haka yake. Bari in ɗora miki na wanka da sutura.

Ƙananan biyu sau ɗaya a rana ya wadatar, da rana, wajen ƙarfe 11 zuwa 1, rana ta buɗe. A yi shi cikin ɗaki ko lungun da iska ba ta kaɗawa, kada ya wuce minti 5. Kafin ki tuɓe yaro ki tanadi komai a gefenki: tawul, mai, riga, hula, safa. Yawancin sanyin da ke kama yaro ba cikin ruwa yake kama shi ba, sai an fito da shi uwa na ta neman wando cikin kwando. Ki fara zuba ruwan sanyi a baho, sannan ki sirka da na zafi, ki gwada da gwiwar hannu. Kai shi ne ƙarshe, a wanke a goge nan take. Da yamma tsumma da ruwan ɗumi ya isa: fuska, wuya, hammata, matsematsi.

Ita 'yar makaranta ki mayar da babban wankanta bayan ta dawo, kafin Islamiyya. Da safe fuska, hannu, ƙafa da tsarki da ruwan ɗumi, wanda kika cika filas da shi tun dare.

Soso mai kaushi a ajiye shi sai bazara, sabulu kuma kaɗan, don yana kwashe maiƙon fata. Sirrin mai shi ne a shafa jiki na da sauran danshi, kada ki jira ya bushe ya yi fari. Man kaɗanya tsantsa ko basilin mara ƙamshi, ki narkar a tafin hannu. Gilisirin in za ki sa, ki sirka da ruwa. Faso kuwa: da daddare ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, a goge kaushin a hankali, a laɓta basilin, a sa safa ta kwana da ita. Kwana biyar zuwa mako za ki ga canji, in dai ta daina yawo ba takalmi a kan siminti. Leɓe a shafa masa mai kafin fita, a hana ta lasa, miyau ƙara tsaga shi yake yi.

Sutura a yi ta hawa-hawa: shimi, riga mai dogon hannu, sannan rigar sanyi, saboda da azahar garin ya kan yi ɗumi, sai a cire ta sama. Yaron da aka bari cikin suwaita har la'asar gumi zai yi, ƙuraje su feso. Jaririya ki ƙara mata hawa ɗaya a kan abin da ke jikinki, ki taɓa ƙeyarta ko ƙirjinta don sanin ko ta ji ɗumi. Tafin hannunsu dama da sanyi yake. Gwanjon Ƙofar Wambai akwai rigunan sanyi na yara masu kauri, amma a wanke a shanya a rana kafin a sa.

Kunun gyaɗa ko koko mai ɗumi da safe, lemo da karas ga su nan a bakin hanya. Yara ba sa jin ƙishirwa cikin sanyi, sai an miƙa musu ruwan. Ɗaki kuma a da ana shigo da rushi bayan hayaƙi ya ƙare, ya ɗan ɗumama.

Malam Mai Wayarin, Kurna:

Hajiya, a gafarce ni, a kan rushin nan zan saɓa miki. Ƙarewar hayaƙi ba ƙarewar haɗari ba ce. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi, yana nan yana fitar da iska mai guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke buƙata. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai barci mai nauyi, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya daga ciki. Ɗakunan dā na ƙasa da azara suna da kafofi. Na yanzu siminti ne da tagar gilashi, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙura. Jariri kuma ya fi babba saurin numfashi, shi take fara kamawa. Kasko, kurfoti, risho, da janareto a soro ko bakin taga, duk hukuncinsu ɗaya. In aka tashi gida duk ana ciwon kai, a fita waje, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti.

Ɗakin kwano da rana yake tara zafi, da dare ya zubar ta sama da ta siminti. Don haka a rufe tagogi tun la'asar sakaliya, kafin ɗumin ya gudu, musamman masu kallon arewa da gabas, a saki labule mai kauri. A shimfiɗa tabarma ko darduma a ƙasa, katifa kada ta zauna kan siminti tsirara, a janye ta daga jikin bango. Duba silin, in akwai inda ya ɓalle nan sanyi ke zubowa. Da tsakar rana a buɗe tagar da ba ta fuskantar iska na ɗan lokaci. Shara a yayyafa ruwa tukuna, kayan ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma, yara na waje.

Hitar dafa ruwa ta cikin bokiti ita ce ɗaya matsalar. Ana jona ta, a ɗauke wuta, a manta, a dawo da wuta cikin dare, ruwa ya ƙone, roba ta kama. Da an ɗauke wuta a zare ta daga soket, kuma kada a jona ta a siririyar wayar ƙari. Ba a sa hannu a ruwa tana jone. Bokitin ruwan zafi kada ya sauka ƙasa inda ɗan shekara 2 ke kaiwa. In ƙuna ta faru, a kwarara ruwan sanyi na famfo ko randa minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai asibiti.

Maman Uku, Ɗorayi:

Na gode ƙwarai, kasko ya zauna a tsakar gida. Sista, babbar ta kan yi haɓo, kuma an ce tarin da namijin yake yi belu ne, a kai shi wurin wanzami.

Sista Mai Jinyar Yara:

Kada a kai shi. Belu halitta ce, kowa na da shi, ba shi ke kawo tari ba, kuma yanke shi na jawo zubar jini da shigar cuta.

Haɓo daga bushewar hanci ne da ƙwaƙule. Ta zauna ta ɗan sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, don kada ta haɗiyi jini. Ki matse wuri mai taushi na hancin minti 10 ba saki ba leƙe. In an maimaita bai tsaya ba, ko yana yawan dawowa, likita ya gani. Ɗan basilin a bakin ƙofar hanci safe da dare, a yanke mata farce.

Ki kuma duba katin rigakafinsu, don rani ne lokacin ƙyanda da sanƙarau: ta ƙyanda a wata 9, ta biyu a wata 15. In akwai mai sikila a gida, sanyi da ƙarancin ruwa su ne ke tayar masa da ciwo, shi wankansa da ruwan ɗumi ne kullum, safa da hula tun magariba, da gorar ruwa a jakar makaranta.