Tankin ruwan zafi ɗaya, hanyoyin dumamawa uku

Da hunturu ya kama a Gusau, wasu magidanta da masu aikin famfo sun tattauna kan tankin da zai karɓi zafi daga sola, hitar lantarki da murhun itace lokaci guda.

Inda aka fi daɗewa shi ne murhu. Wutar itace ba ta da makunni, in ruwa ya tafasa ba ta tsayawa. Don haka aka ce kada a haɗa ta da rufaffen tanki mai matsi, tururi na iya fasa shi. A nemi mai bututun numfashi a sama, wato buɗaɗɗen bututun da tururi zai fita ta ciki, wanda tankin saman gida ke ciyarwa. A ganina nan ne ba a wasa.

Sola kuwa, naɗaɗɗen bututunta ya zauna can ƙasan tankin inda ruwan sanyi yake, hita a sama. Ruwan zafi sama yake hawa, shi ya sa dogon tanki ya fi gajere mai faɗi.

Wani ya tuna da ruwan burtsatse mai barin farin ɓawo a jikin hita, a sayi wadda ake iya kwancewa a wanke. A naɗe tankin sosai don kada zafi ya fita, a riƙa kai ruwan digiri 60 saboda ƙwayoyin cuta.