Flutter ko React Native, wanne zai yi ƙarko?

Ɗan Daura: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wasu 'yan kasuwar hatsi da ke cin kasuwar Mai'adua sun nemi in yi musu manhajar rubuta bashi da lissafin buhuna, wadda za ta yi aiki ko babu intanet, kuma dukkansu wayoyin Android suke riƙewa. Na iya JavaScript, yaren rubuta manhaja, daidai gwargwado. Cikin kayan haɗa manhajar waya, shin in kama React Native mai amfani da JavaScript, ko in koyi yaren Dart saboda Flutter, kuma wanne ba za a yi watsi da shi ba nan da shekaru biyar?

Mai Kwamfuta: Wa alaikumussalam. Idan kana son ta kai ga masu iPhone, sai ka tanadi kwamfutar Mac da dala 99 duk shekara na rajistar Apple.

Ɗan Daura: Yallaɓai, ai na ce babu mai iPhone a cikinsu.

Na Ƙofar Ƙaura: Ƙanena, ba Flutter ne zai kayar da kai ba, mutane ne. Na yi wa wani mai makaranta a nan Katsina manhajar sakamakon jarrabawa a kan naira dubu 600, ya ba ni rabi, sannan kullum sai ya zo da sabon buri, yau kuɗin makaranta, gobe saƙon iyaye, har aikin ya ninka. Da na nemi cikon kuɗina, sai ya ce ɗan ƙanwarsa zai ƙarasa kyauta. Har yau abin yana ci mini rai.

'Yar Funtua: Dubu 600? Irin wannan aiki ba na taɓa shi a ƙasa da miliyan ɗaya da rabi.

Mai Kwamfuta: A Katsina? Dubu 250 ma sai da roƙo.

Malamin Poli: Mu koma kan tambaya. React Native na Meta ne, kamfanin Facebook, tun 2015, Flutter kuwa Google ya fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a Disamba 2018. Girman kamfani ba lamuni ba ne, domin Microsoft ya daina tallafa wa Xamarin, nasa kayan haɗa manhajar waya, a Mayu 2024. Tunda Android kaɗai kake nufi, ka duba yaren Kotlin, wanda Google ya fifita wajen haɗa manhajar Android tun 2019.

'Yar Funtua: Malam, da girmamawa, wanda yake koyarwa daban, wanda ya ɗora manhaja a Play Store daban. Wanda ya iya JavaScript bai kamata ya koma aji ɗaya ba.

Na Ƙofar Ƙaura: Ko da alli da allo ka rubuta ta, Alhaji zai nemi ragi!

Mai Kwamfuta: Ni rajistar Play Store ce damuwata. Dala 25 ce sau ɗaya, amma katina na naira ya ƙi biya, sai da na bi ta hannun wani wanda ya ɗora nasa ladan a kai. Sannan sabon asusu na ƙashin kai sai ka samo masu gwaji 12 na kwana 14 kafin ka fitar da manhajar. Akwai wanda katinsa ke biya yanzu?