Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan jiragen yawon ƙanƙara

Jama'a, zancen da aka yi kan tafiya yawon buɗe ido a jirgin ruwa zuwa yankunan ƙanƙara na ƙarshen kudu da arewacin duniya ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya ce a zaɓi ƙaramin jirgi. Dokar IAATO, ƙungiyar kamfanonin da ke kai masu yawon buɗe ido Antaktika, ta hana fiye da mutum 100 sauka tudu lokaci guda a Antaktika, jirgin da ya ɗauki sama da 500 kuwa ba ya sauke kowa, sai kallo daga nesa. Ni ma ra'ayina ke nan.

2. Lokacin zuwa Antaktika: Nuwamba zuwa Maris. Yawanci daga Ushuaia ta Ajantina ake tashi.

3. An rabu kan mashigin Drake, tekun da ake ƙetarawa tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika. Wasu sun ce kwana biyun nan na igiyar ruwa ai shi ne tafiyar, a riƙe maganin jiri kawai. Wasu kuma sun ce gara jirgin sama daga Punta Arenas ta Chile zuwa tsibirin King George na Antaktika, kamar awa biyu, sai dai hazo kan tsayar da shi.

4. Inshorar kwashe mara lafiya dole ce. An tuna jirgin Explorer da ya nutse a 2007, Allah ya sa duk aka tsira.

5. Ana wanke takalma kafin a hau kwalekwalen roba da bayan an dawo, kuma ba a matsar tsuntsayen fengwin kusa da mita 5.

6. Sallah ta ɗauki hankali, domin a Svalbard, tsibiran ƙasar Norway can ƙarshen arewacin duniya, rana ba ta faɗuwa tsakiyar bazara. Wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ake dare da rana, wasu Makka. An dai ce a tambayi malami kafin tafiya.