Mota ta ƙi tashi: abin da aka tattauna

1. Da aka tambayi abin yi in mota ta ƙi tashi, kusan kowa ya ce a fara da batir. In ka murɗa makulli ka ji "ƙas-ƙas", fitilu suka dusashe, caji ne ya yi ƙasa. Duba kan batir tukuna: farin garin nan da ke taruwa a kai yana hana wuta wucewa. A kankare, a ɗaure tam.

2. Inji na juyawa amma bai kama ba? Saurari kukan famfon mai, sannan ka duba fiyus da fulogi. Wani ma tankinsa ne ya ƙafe, yana ta zagin makanike.

3. An rabu kan batun tura mota don ta tashi. Masu giyar hannu sun ce a sa giya biyu, a saki kuloci. Otomatik kam, kada a gwada.

Bugun sitata (na'urar da ke juya inji ya tashi) da sifana ma an yi gardama a kai. Ni dai na ga ya yi aiki sau ɗaya, washegari sai wurin rewaya, mai gyaran wutar mota.